Land Cruiser 80 ta 1996: da me za a fara in za a gyara ta a gida?

Bello Arkilla: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Land Cruiser 80 ce ta 1996, injin fetur 1FZ-FE mai silinda shida, giya otomatik, mita ta nuna kilomita 310,000. Bugu ɗaya take tashi, ba ta hayaƙi. Abubuwan da ake gani su ne: allurar zafi tana haura rabi in an tsaya cikin cunkoso da esi a kunne, musamman da azahar. Akwai wani baƙin maiƙo mai ruwa-ruwa da ke tsiyaya ta bayan tayar gaba ta dama. Sitiyari yana rawa a wajen gudun 80. Birki kuma sai an danna sosai. Niyyata in ɗaga ta inci 2, in sa mata taya mai tsayin inci 33, kuma a gida za a yi aikin sannu a hankali, Asabar da Lahadi. Akwai daɓen siminti a tsakar gida. Da me zan fara?

Malam Usman Mabera: Wa alaikumus salam. Malam Bello, ajiye maganar taya da ɗagawa tukuna. Abu huɗu ka lissafa, ukun ciki suna iya kashe injin ko su kashe mutum, taya 33 kuwa ba za ta gyara ko ɗaya ba, ƙara musu nauyi za ta yi. Ruwa da farko, sannan aksil ɗin gaba, sannan birki. Kwalliya ta jira.

Zafin da ka kwatanta ya riga ya faɗi inda yake. Motar da ke zafi a tsaye, ta huce in an kama hanya, iska ce ba ta ratsa lagireto. Wadda ke zafi a kan gudu, a hanyar Bodinga ko Tambuwal, ita ce ake zargin lagireto ya toshe ta ciki ko gasket ɗin kan inji ya fara tafiya. Taka ta farkon ce, don haka kulocin fanka, wato abin da ke tsakiyarta mai kama ta da sakinta gwargwadon zafi, za ka fara dubawa. Bayan motar ta yi zafi sosai, kashe ta, ka wurga fankar da hannu. In ta tsaya nan take kamar ana riƙe ta, lafiya lau. In ta yi ta juyi sau uku sau huɗu, man silikon da ke ciki ya ƙare ko ya mutu. Da safe kuma in ka tayar da ita ya kamata ka ji fanka ta yi gurnani na ɗan lokaci sannan ta lafa. In ba ka taɓa jin wannan gurnanin ba, ka samu ɓarawonka.

Injiniya Nasiru: Ƙari a kan na Malam Usman. Kada a dogara da allurar dashbod ɗin 80. Toyota ta yi ta ne yadda za ta zauna a tsakiya cikin tazara mai faɗi, saboda haka duk lokacin da ka ga ta motsa sama, injin ya daɗe da yin zafi. In motar ta shigowar Amurka ce, ta 1996 tana da soket ɗin OBD2, ƙaramar na'urar karantawa da wayar hannu za su nuna maka zafin ruwa da lamba. In ta ƙasashen Larabawa ce, a nemi ma'aunin zafi mai kamar bindiga a haska bakin tiyon sama. Daga digiri 85 zuwa 95 ba damuwa. Ya wuce 100 a tsaye, a kashe esi a nemi dalili.

Sani Gawon Nama: Ni dai a ganina doguwar hanya kuke bi. A cire tamostat, a ɗaure fanka dairek da walda, magana ta ƙare. Tamostat na ƙasar sanyi ne. Garin Sakkwato da zafin watan Afrilu ke kai digiri 43, me zai yi mana?

Baba Mu'azu Kanikanci: Sani ɗana, wagga magana ita ta cika garejin garin nan da injuna buɗe. Tsaya in gaya ma mi tamostat ka yi a wanga inji. Yana wajen da ruwa ka shiga inji daga tiyon ƙasa, kuma gindinai na da wani faifai. In ya buɗe ma lagireto hanya, faifan sai ya toshe gajeriyar hanyar da ruwa ka kewayawa cikin inji. In anka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna buɗe, wani ruwan zahi sai ya riƙa komawa inji bai leƙa lagireto ba. Ka ga an so sanyi an sayo zahi. Sannan da sanyin hunturu, Disamba da Janairu, inji ba ya kai zahin aikinai, kwamfuta sai ta yi ta tura mai, fetur ya wanke bangon silinda, ringi ya cinye.

Fanka dairek kuma, roba ce mai shekara talatin. A gudun 120 tana juyi da ƙarfin da ba a yi ta dominai ba. Hannu guda ya ɓalle, ko lagireto ko bonet.

Sani Gawon Nama: Baba na ji ta fanka. Amma motoci nawa ne ke yawo ba tamostat, kuma suna tafiya?

Injiniya Nasiru: Suna tafiya, Sani, har ranar da suka tsaya. Abin da cirewar ke yi shi ne ɓoye lagireton da ya toshe na wata biyu ko uku. Malam Bello, sayi tamostat na asali mai lamba 82. Kafin ka ɗaura, gwada shi a tukunya a kan wuta da ma'aunin zafi: ya fara buɗewa tsakanin 80 da 84, in ruwa ya kai 95 ya buɗe aƙalla milimita 10. Na jabu a nan yake tona kansa. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙarfen nan mai lilo da ke gefen faifan ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Kulocin fanka ana iya raya shi in boris ɗinsa bai yi wasa ba. A kwance kusoshin, a raba shi biyu, a kife rabi-rabin a rana ya tsiyaye tsaf, a zuba man silikon mai kaurin 10,000. Toyota na sayar da shi a ƴar kwalba ta mililita 18, biyu sukan isa. Zoben robar da ke tsakani yakan miƙe ya ƙi komawa mazauninsa, a yi haƙuri da shi, kada a yanke. Wanda ya cika man fiye da kima zai samu fanka mai gurnani dare da rana da ƙarin shan fetur.

Malam Usman Mabera: Sai ruwan kansa. Ruwan rijiya da na burtsatse a yankin nan yana ɗauke da farar ƙasa, ai ba banza aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina ba. Dubi gindin butar shayi ta gidanku, abin da ke cikin bututun lagireto ke nan. Ga shi kan injin alminiyom ne, gangar jikinsa ƙarfe, ruwa zalla yana cin su duka biyun. Motar tana ɗaukar wajen lita 13 zuwa 14. A haɗa kulan da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, rabi da rabi, ko a sayi wanda aka riga aka haɗa. A kula, tataccen ruwa na ce, ba asid ba. Kada kuma a gauraya ja da kore, a wanke tsohon tas tukuna. Akwai kusar zubar da ruwa a jikin injin ta hagu. In ba a kwance ta ba, kusan rabin tsohon ruwan yana nan.

Murfin lagireto mai lamba 0.9 ne. Matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa sai ya haura 115. Murfin da robarsa ta tsage ya mayar da kai tafasa a 100. Shi ya fi komai araha a jerin nan, shi kuma aka fi mantawa. Sannan ka haska tocila tsakanin kwandensan esi da lagireto. Ƙurar hunturu, ciyawa da leda sukan yi katifa a wurin. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, injin wankin mota mai matsi yana kwantar da siraran ƙarafan. In kan lagireton na roba ne kuma baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, ya gama aiki, canza shi kafin ya fashe.

Baba Mu'azu Kanikanci: Kun manta ɗan ƙaramin tiyon baya. Tsawonai bai wuce ɗan yatsa ba, faɗinai milimita 16, yana can bayan inji ta hagu, bisa kik, ƙarƙashin bututun iska. Ba a ganinai daga sama. Sai an cire tayar hagu da robar da ta rufe wurin a miƙa hannu. Shi ka ba hita ruwa. In ya hwashe bisa hanya, ruwa duka ya zube cikin minti kaɗan, allura kuma ba ta nunawa da wuri don ba ruwan da za ta auna. Injin 1FZ da yawa nan sunka ƙone. Tunda za a zubda ruwa, a canza shi lokaci guda, da kilif sababbi.

Bello Arkilla: Allah ya saka da alheri. To yaya zan tabbatar gasket bai riga ya taɓu ba, kada in kashe kuɗi a kan injin da za a buɗe?

Injiniya Nasiru: Tambaya mai kyau, kuma ita ce ta farko kafin sayayya. Da sanyin safiya buɗe murfin lagireto, cika shi, tayar da mota, ka zuba ido. Kumfa ɗaya biyu ba komai. Kumfa mai fitowa a jere ba tsayawa, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Kada a taɓa buɗe murfin nan da zafi, yana saɓule fatar hannu. Na biyu, kwance fulogi shida ka jera su bi da bi. A wannan injin silinda ta 6, ta jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, ita ta fi cin gasket. In fuloginta ya fita fes kamar an wanke alhali sauran da toka, ruwa ke shiga. Na uku a ari gejin matsi: lafiyayyen inji yana ba da wajen 170 psi, mafi ƙaranci 128, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 14. In duk ukun sun fita lafiya, ci gaba da sayayya. Tunda fulogin na waje, tazarar bakinsu milimita 0.8 ce.

In ta kama a buɗe kai, wannan ma ana yi a gida, amma kan sai ya je wurin masu injin gyaran fuska a auna shi. Kusoshinsa 14 ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa waje, Nm 39 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri), sannan a ƙara juyi kwana 90, wato rubu'in zagaye, sannan wani 90. Ba aikin "ɗaure har ya yi ƙara" ba ne.

Aminu Runjin Sambo: Ku zo kan maiƙon tayar nan don Allah, tawa ma haka take yi. An ce min giris ne ya yi yawa.

Malam Usman Mabera: Ba yawa ya yi ba, Aminu, narkewa ya yi. A ƙarshen aksil ɗin gaba akwai gida mai kamar ƙwarya, a ciki kan shaf yake, wanda littafi ke kira Birfield, yana kwance cikin giris. Man giya kuma yana can cikin bututun aksil. Sil guda ɗaya ne ya raba su. In ya mutu, man giya ya gangaro ya dama giris ɗin ya zama kunu, ya biyo ta bayan ƙwaryar ya fito. Asara biyu ke nan: kan shaf ya rasa giris, aksil ya rasa mai. Ƙara giris ta kusar sama ba ya magani.

Aikin kwana biyu ne ga wanda bai taɓa ba, kuma gefe biyun ake yi tare. Kayan da za a tanada: sil na ciki 2, boris ɗin ƙwarya 4, sama da ƙasa kowane gefe, boris ɗin taya 4 in na ciki sun yi tabo, sil ɗin hob 2, saitin roba da tsumman bayan ƙwarya, gasket na takarda, wasa mai kunnuwa 2, da zoben kulle. Giris iri biyu ne. Baƙi mai moli na kan shaf da ƙwarya, a sayi kilo 2. Na boris ɗin taya daban, mai jure zafi, rabin kilo. Man giya 80W-90 mai alamar GL-5, gaba na cin kusan lita 3. Boris a nemi Koyo ko Timken, sil na ciki kuwa na Toyota kawai, domin shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe da hannu ke kaiwa. In ba a samu a gari ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano da lambar shasi.

Kayan aiki: soket 54, sandar tagulla, filayar zobe, sifana mai awon ɗauri, sikelin rataye irin na masu sayar da kifi, kananzir lita 4 da tsummoki masu yawa. Masu yawa fa.

Baba Mu'azu Kanikanci: Kahin a taɓa noti guda: mota ta haura tan biyu. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. A samu ƙarfen tokare biyu masu tan 6 a sa ƙarƙashin shasi, a danne tayun baya da katako, a tura tayar da anka cire ƙarƙashin mota. Bulon siminti ba ya gargaɗi, rugujewa shi kai.

Injiniya Nasiru: Wuraren da sabon hannu ke maƙalewa a aikin nan sanannu ne. Na farko ƙananan wasa masu kamar mazurari da ke kan murfin hob. Kada a sa sukudireba a ɓanɓare. A sassauta noti ya zo daidai bakin kusa, a ɗora sandar tagulla a kai a buga da guduma, za su yi tsalle da kansu. In motar na da ABS, a zare sensa kafin a ja shaf, in ba haka ba a karya ta. Kan shaf yana da gefe biyu da aka shafe, sai sun kalli sama da ƙasa yake fitowa. Siraran ƙarafan da ke ƙarƙashin murfin sama na ƙwarya, a ɗaure na kowane gefe da waya a rubuta dama ko hagu, su koma inda suka fito. Kalifa kuma a rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ta yi lilo a kan tiyon birki.

Kafin a buga sabon sil, a shafa farce a jikin shaf inda tsohon yake gogawa. In ya yi kwari, sabon ma zai yi yoyo, sai a zaunar da shi ɗan gaba ko baya kaɗan don leɓensa ya hau lafiyayyen wuri. Wajen mayar da shaf a tallafe shi, nauyinsa kada ya kwanta a kan sil. Ƙwarya a cika ta kashi uku cikin huɗu, a bar wa iska wuri.

Ɗaurin boris ɗin taya shi ne inda aka fi kuskure. Notin ciki a ɗaure Nm 59, a juya hob gaba da baya ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa da ɗan ƙarfi kaɗan, wajen Nm 5 zuwa 6. A sa wasa mai kunnuwa, notin waje Nm 64. Sai a maƙala sikeli a kusar taya a ja: hob ya fara juyi tsakanin kilo 3 da 5 da rabi. A lanƙwasa kunne ɗaya ciki, ɗaya waje. Masu ɗaure notin nan da kurfi da guduma, ga tabonsu nan a kan kusan kowace 80 da ke garin nan.

Malam Usman Mabera: Kada a rufe aikin ba a duba numfashin aksil ba. Ɗan bututu ne a saman aksil mai hula. In laka ta toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta tura man ta sabon sil ɗin da ka sha wahala a kai. A busa shi, ko a ja masa tiyo zuwa cikin bonet, musamman mai shiga fadama da damina. Wajen canza man giya kuma kusar cikawa ake fara kwancewa, soket 24. Wanda ya fara zubarwa sannan ta cikawa ta ƙi, ya zauna.

Malam Bello, yau ɗin nan ka leƙa ƙarƙashin ƙwaryar dama. Noti huɗu ne ke riƙe hannun sitiyari. Sukan sassauta, in suka karye taya kwantawa take yi a kan gudu. Nm 96 ne. Rawar sitiyarinka ma mai yiwuwa daga nan ne ko daga boris. Ɗaga tayar ka kama sama da ƙasa ka girgiza: wasa a nan boris ne. Kama dama da hagu: tayarod ne. Sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kana kallon bushin sandar da ta gitta daga shasi zuwa aksil, ka kuma goge shasin wajen akwatin sitiyari ka duba tsaga. Sabon shokazoban sitiyari rufe rawar yake yi, ba ya warkar da ita.

Hajiya Inno: Sannunku da ƙoƙari. Birkin fa? Ni shi ya fi tsaya min a rai cikin abin da ya lissafa, mota ce ta ɗaukar iyali.

Injiniya Nasiru: Gaskiyarki Hajiya. Wani ɓangaren ma aikin aksil zai gyara, don kunun nan in ya taɓa fad ɗin birki ya kashe shi, ba a wankewa, sai sabo. Saura: man birki DOT 3 yana shan danshi, in ya yi baƙi a canza shi duka, lita 1 ta isa. A fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa, a ƙare da bawul ɗin da ke saman aksil ɗin baya, wanda ke rage wa baya birki gwargwadon kaya. Yana da nasa bakin fitar da iska, kuma mantawa da shi ne ke barin feda da laushi. Tiyoyin roba masu shekara talatin suna kumbura in an taka, a canza su. Kalifar gaba fistin huɗu gare ta. In fad ɗaya ya cinye ɗaya bai ci ba, wani fistin ya kafe. Faifan gaba sabo milimita 32 ne, in ya sauka ƙasa da 30 a yar. Gyara mai araha da aka sani: fad ɗin gaba na Land Cruiser 100 yana shiga kalifar 80 mai rim 16, ya fi faɗi kuma ya fi daɗewa, amma da sabon faifai ya fi zama daidai.

Sani Gawon Nama: To ku bar bawan Allah ya ɗaga motarsa mana, tun ɗazu sai wa'azi.

Malam Usman Mabera: Zai ɗaga, Sani. Abin da ba a gaya masa ba shi ne 285/75R16, wato 33 ɗin, tana shiga 80 ko ba a ɗaga ba, in sifirin bai kwanta ba. Ta asali 275/70R16 ce, bambancin tsayinsu kashi 5 cikin ɗari. Mita za ta nuna 100 kana 105, mota za ta ɗan yi nauyin tashi, birki zai ƙara aiki, fetur zai ƙaru. Shi ya sa muka sa ta a ƙarshe.

In an ɗaga inci 2, sifirin huɗu da shokazoba huɗu masu tsawon da ya dace ake saya tare, a zaɓi sifirin gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum. Mai ƙarfi a motar da ba kaya, kamar amalanke za ta koma. Ɗagawa tana mirgina aksil ɗin gaba, kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa ta ragu, mota ta riƙa yawo a titi. Maganinsa bushin gyaran kasta, wato wannan kwanciyar, a hannuwan gaba. Sandar bawul ɗin birkin baya ma sai an ɗaga mazauninta daidai da abin da aka ɗaga motar, in ba haka ba bawul zai ɗauka ba kaya, ya rage wa baya birki. A sake aksil ya rataya a duba ko tiyon birki ya miƙe. Kusoshin bushi kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka a kan tayunta, in an ɗaure a sama robar murɗewa take ta yage cikin wata kaɗan.

Baba Mu'azu Kanikanci: Taya kuma a karanta shekara. Lamba huɗu ce a gehe, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Tayar Kwatano mai zanen dusar ƙanƙara an yi ta don sanyi, robarta taushi gare ta. Kwaltar Illela da azahar ba ta barin ta. Notin taya, rim na alminiyom Nm 103, na ƙarhe 147.

Aminu Runjin Sambo: Maganar fetur fa? Wasu na cire farfelar gaba, wasu na cewa a sa injin dizal 1HZ a huta.

Injiniya Nasiru: Cire farfela a motar da ke jan ƙafa huɗu kullum ba ya rage wani abin kirki, don shaf da aksil na gaba suna nan suna juyi da taya. Kuma sai an kulle ogzilari, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayun gaba da na baya, take tafiya daidai, in ba a kulle ba ana ƙona abin da ke cikinta. 1HZ inji ne mai rai tara, amma doki 129 ne, naka 212. Ga giya, wayoyi, tanki da mazaunin inji duk sai an taɓa, ga bel ɗin taimin da ake canzawa alhali 1FZ sarƙa gare shi, ga dizal ɗin ba araha ba. Lafiyayyar 80 ta fetur kilomita 5 zuwa 6 take yi a lita, tankinta lita 95. In tana yin ƙasa da haka, a duba fulogi, tamostat, birkin da ke kamawa, iskar taya, da babban tiyon iska da ke zuwa inji, wanda ke tsagewa ta ƙasa cikin lanƙwasarsa inda ido ba ya gani. Ta wannan tsagar ƙura ke shiga ba ta bi ta filta ba. A ƙarƙashin gidan filta kuma akwai ɗan gwangwanin tara ƙura, da hunturu a zazzage shi duk sati. Baƙin mai wajen lita 7 da rabi har da filta, 15W-40 ko 20W-50, duk kilomita 5,000.

Bello Arkilla: Na duba da yamman nan. Fanka da zafi ta yi juyi biyar. Ba kumfa a lagireto, fulogi shida kalarsu ɗaya. Na kwance gidan tamostat, babu komai a ciki. Cikin noti huɗun ƙwaryar dama, biyu da yatsa na juya su. Na ɗaure. Ƙaramin tiyon baya na gan shi ta wajen taya, ya kumbura kamar gurjiya, amma kilif ɗinsa na ciki ya juya baya, filaya ba ta kaiwa.

Sani Gawon Nama: Noti biyu da yatsa? Innalillahi. To na janye, a fara da ƙasa.

Malam Usman Mabera: Notin da ya sassauta haka, kusar da yake kai ma ta motsa a cikin ƙwarya. Kada ka tsaya a ɗaurewa. Ranar aikin aksil ka zare kusoshin huɗu, ka duba zarensu, wadda ta miƙe ko ta lanƙwashe a canza, a wanke ramin da fetur ya bushe, a sa gam ɗin zare a mayar. Kafin nan motar kada ta wuce cikin gari.

Baba Mu'azu Kanikanci: Tiyon kuma kada ka yi kokawa da kilif. Tsaga tsohon da reza bisa tsawonai, a hankali don bututun da ke ciki kar ya ji rauni, ka ɓare shi kamar rogo, kilif ɗin zai biyo. Bututun ƙarhen da ya hau sama yana da kusoshi biyu masu kai 12 da sunka riƙe shi, in ka sassauta su za ka samu wurin sa sabo. Goge bakin da sanfefa, shafa ɗan ruwan sabulu, kada ka sa giris. Sababbin kilif ka juya kansu su kalli taya. Kusoshin nan biyu ka fesa musu man kwance tsatsa tun daren Juma'a, ta bayan ita ka ba mutane wahala.